Karan da Aka Auna Jikata da Shi

Badaru kafinta, na bakin kasuwar Lafia, kai nake kira da sunanka. Kai ka kashe mini jika, ka kashe mini 'ya, ka haukata mini suruki, yanzu kuma kana cin ta ƙarshen da ta rage mini a hankali, kamar gara a cikin azara. Na san ba wuƙa ka ɗauka ba. Da zarto da guduma ka yi aikinka, shi ya sa kake yawo da farar riga, kana shiga sahun gaba a masallaci mutane na matsa maka.

Ni ce Daso mai nono, ta rugar bayan Adogi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na sa a rubuta wannan yadda ya fito daga bakina, na kuma gaya wa mai rubutun in ya rage mini zagi ko ɗaya ban yafe ba. A karanta a kasuwa, a karanta a ƙofar masallaci, wanda bai san abin da ya faru ba ya sani.

Hamman shi ne mijin 'yata Zuwairatu. Da yana da garke mai kyau, ciwon sammore ya shiga ya share, ya bar masa bijimi ɗaya da 'yan karsana. Ya kasa zama. Ya bi 'yan haƙar kuza zuwa Jos, ya dawo ba ko riga sabuwa, sai ido da ba ya tsayawa wuri ɗaya da baki cike da maganar zinariya. Wai a can ya ga yadda Turawa ke wanke yashi a cikin kwami, wai rafin da ke bayan Ashige yana da irin yashin da ya gani. A lokacin 'ya'yansa biyu, tagwaye, Hassana da Usaina, sun fara famfara ke nan. In sun yi dariya giɓi iri ɗaya, wuri ɗaya. Ni kaɗai nake rarrabe su daga baya.

Kwamin farko a gabana ka gina shi, Badaru, don a gindin ɗorawar da nake sauke ƙwaryar nono kake aiki, kafin ka sami shago. Katako uku ne, ɗaya a ƙasa, biyu a gefe, kai da gindi a buɗe, kamar kwamin shayar da shanu da aka fasa wa baki biyu. A ciki ka gitta 'yan sanduna, tsakaninsu tafin hannu, Hamman na ce musu haƙarƙari. Ƙarƙashinsu aka shimfiɗa buhu. Aka fasa gwangwanin kananzir aka huhhuda da ƙusa aka ɗora a kai, rariya ke nan, ta tare tsakuwa. A jingina shi a bakin rafi, a tallafe kan da duwatsu ya ɗan fi gindin tudu, a zuba yashi, a bi da ruwa. Mara nauyi ya tafi, mai nauyi ya kwanta a bayan haƙarƙari ya maƙale a buhu. In an tashi a zare buhun a ɗauraye a ƙwarya, a juya, a juya, a ga abin da ya zauna a ƙasa. Shi ke nan. Babu tsafi a ciki, aiki ne kamar tankaɗe, har ni da nake mace na gane.

Abin da ya zauna a ƙasan ƙwaryarku baƙin yashi ne, rani guda cur. Ga kwamin da tsawo, sai mutum biyu sun ɗauka, ga ku ba lasin. Ranar da 'yan doka suka ɓullo ta cikin ciyawa, kuka watsar da shi kuka ruga, ka dawo kasuwa da takalmi ƙafa ɗaya muna ta dariya.

Washegari da kunnena na ji ka. Kana fere katako, ba ka ko ɗaga kai ba, ka ce, "Hamman, rafi ba ya ba baƙo. Sai an gabatar da kai." Ya ce wa zai gabatar da shi. Ka ce akwai wani tsoho a kurmin da ke kan hanyar Obi, ana ce masa Mai Ƙoƙo. Ka kwatanta masa hanya tiryan-tiryan, har kukar da ake karya kwana a wajenta. Ya ce ku tafi tare. Ka ce kai aiki ya yi maka yawa.

Abin da ya faru a kurmin nan ba ƙirƙira nake ba. Hamman yana ɗaure a bayan bukkata yanzu, kullum sai ya maimaita shi da murya biyu, tasa da ta tsohon, har kajina sun haddace. Ni ma daga baya na je da ƙafata na ga wurin.

Da rana tsaka ya isa, amma a cikin kurmin kamar magariba. Tsuntsu ba ya kuka. Ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin saiwar wata bishiya, baƙi wuluk, ba ya gudu, ba ya kuma tsayawa. An kife tukwane a kewaye, kowace an shafe ta da abin da ya bushe ya yi baƙi, gashin kaza ya manne a kai. Ƙahonni a rataye, tsummoki a ɗaure a rassa har sun ruɓe suna zuba. Wurin yana warin laka da tsohon nama. A jikin bishiyar an jingina karan dawa, dami guda, ba a ɗaure ba. Wani dogo, wani gajere, wani bai fi kamu ɗaya ba. Kowane an yanke shi tsaf da wuƙa, ba karyawa aka yi ba.

Tsohon na zaune a kan turmi kife, da ƙoƙo a cinya, yana juya yashi da ruwa a ciki.

Ya ce, "Kai ka kawo kanka, ko aiko ka aka yi?"

Hamman ya ce, "Kafinta ne ya kwatanta mini, Baba."

"Kafinta ya iya kwatance. Shi dai bai taɓa tako nan da ƙafarsa ba. Mai wayo ne. Zauna."

Ka ji, Badaru? Ba Hamman ne na farkon da ka aika ba. Karan nan da ke jingine, nawa ne suka bi ta hannunka?

Tsohon ya karkata ƙoƙon, ruwan ya zube, sai ga abu a ƙasa yana ƙyalli, ja-ja, kamar garin rawaya. Hamman ya miƙa hannu. Tsohon ya kife ƙoƙon a laka.

Hamman ya ce, "Ina da bijimi. Shi kaɗai ya rage mini, zan kawo."

"Ka ga alamar yunwa a jikina?"

"To me kake so? Amma in gaya maka tun yanzu, jini ba zan zubar ba. Ni Musulmi ne."

"Wa ya yi maka maganar jini? Nan mahauta ce? Awo kawai nake so. Ruwa makaho ne, Bafillace. Ba ya ba gidan da bai san tsawon ɗansa ba. Ka yanki karan dawa, ka auna mutum mai rai na cikin gidanka, daga tsakar kai zuwa diddige, yana kwance. Ka kai wa kafinta, tsawon sabon kwami ke nan. Kada ya ƙara, kada ya rage. Karan a ɗaure shi a ƙarƙashin kwamin. Buhu kuma a jefar, a shimfiɗa majanyin da aka goya mai awon da shi."

Jama'a, akwai Musulmin da bai san wa ake aunawa da kara ba? Gawa ake aunawa, a kai wa masu haƙar kabari, in an gama a sa karan a rami ya bi mai shi. Ko yaro ya ɗauki kara ya gwada a jikin ɗan'uwansa da wasa, mari yake sha. Hamman ya sani sarai.

Ya ce, "To auna ni. Ga ni."

Tsohon ya yi dariya. "Kai da kake kamar giginya? Kwami tsawonka, wa zai ɗauka ya ruga in 'yan doka sun ɓullo? Ba ƙarami kake so ba, na ratayawa a kafaɗa?"

"Maraƙi fa? Na gidana ne."

"Maraƙi yana ce maka Baba?"

Hamman ya ce, "Me zai sami wanda aka auna?"

"Ka taɓa ganin kara ya ciji mutum?"

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita kake so ka ji. Ta gaskiyar ka san ta tun kafin ka zauna. In ba za ka iya ba tashi ka tafi, kana tare mini iska."

Ya tashi. Ya kai har bakin kurmi, yana ganin hasken rana a kan hanya. Ya tsaya. Ya juyo ya dawo ya durƙusa, tsohon ya ba shi ruwan ƙoƙon ya shanye har da yashin. In ya kai nan a labarin kullum sai ya buga kansa a turke, sai na sa masa tsumma.

Na kama shi da idona. Na shiga gidansu bayan azahar in kai wa Zuwairatu man shanu, ta tafi rafi. Tagwayen na barci a kan tabarma, Hamman na tsugune, ya miƙe wa Hassana ƙafafu, ya shimfiɗa kara a gefenta, yana sa farce daidai diddigenta. Kunyar surukuta ban san inda na ajiye ta ba. Na fizge karan na karya a gwiwata, na ce, "Uwar wa ta mutu a gidan nan, la'ananne?"

Ya ce, "Inna, gado zan sa Badaru ya yi musu."

"Gadon ubanka ake aunawa da kara? Igiya ta ƙare a duniya?"

Ya ba ni haƙuri har da durƙuso. Na gaya wa Zuwairatu, ta ce Inna kin cika zargi, mutum na son ya yi wa 'ya'yansa gado. Ashe dawa ba ta ƙare a gona ba. Ya yanki wani.

Ranar kasuwa na sauke ƙwarya a gindin ɗorawa, sai ga ka da kara a kan katakon maɗaci kana ja da fensir. Kai da kake da abin awo na Turawa mai naɗewa, wanda kake fito da shi kana yi wa mutane burga ko ƙofar akurki za ka yi. Kai da ka yi wa masallacin unguwarku makara. Na ce, "Badaru, karan mene ne wannan?"

Ka ce, "Awon gado ne, Inna."

"Gado ba ƙafa? Gado da haƙarƙari?"

Ka ce, "Tsohuwa, ƙuda na shiga nononki."

Masu zama a wurinka suka kwashe da dariya. Na ce ka ba ni karan. Ka taka shi da ƙafa, ka ci gaba da zarto. Ka yi shi ƙarami, mara nauyi, haƙarƙarin ka haɗa su a jiki ɗaya yadda za a ɗaga su gaba ɗaya a zare shimfiɗa, ka fasa rami biyu a gefe ka zura igiyar rataya. Har man gyaɗa ka shafa masa yana sheƙi. Aiki mai kyau, ban taɓa cewa ba ka iya ba. Ka kifa shi, ka ɗaure karan a bayansa da jijiya, ka buga siririn katako ka rufe.

Sai zinariya ta zo. A rafin nan dai da ya ba ku baƙin yashi. Kuna fita da asuba kamar masu zuwa gona, kwami a cikin buhu a kafaɗar Hamman, ku dawo ku bi ta bayan gida wajen maƙeran zinariya da fatake. Hamman ya bar ruga ya gina gidan kwano a gari. Ya sayi keke, ya sayi garmaho, yara na taruwa a ƙofa suna leƙen mutumin da ke waƙa a cikin akwati. Shanu suka dawo, farare tas, har ya ɗauki makiyayi. Zuwairatu ta sa warwaro har gwiwar hannu. Kai kuma ka bar gindin ɗorawa ka kama shago mai ƙofa biyu, ka sa hannu a lorin da ke zuwa Makurɗi. Waɗanda ke ce wa Hamman Bafillacen da ba saniya suka koma ce masa ranka ya daɗe.

Hassana ta fara jin ƙishirwa.

Da farko dariya muke yi. Ta shanye moɗa ta ce a ƙara. Na ce, "Ƙawata, raƙumi kika haɗiya?" Ta ce, "Kaka, ruwan ba ya zama, wucewa yake yi." Ta daina wasa. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta ta cikin riga. In ta kwanta ba ta naɗe ƙafa kamar yara, sai ta miƙe sambal, hannuwa a gefe, ta ce ana zuba mata yashi a ƙirji, yana da nauyi. Da yamma, daidai lokacin da kuke zare shimfiɗa kuna matsewa a bakin rafi, sai ta murɗe tana ihu kamar ana matse ta. An kai ta asibiti, an yi allura, an kawo rubutu an sha, an yi turare. Rannan ta yi tari a tafin hannuna, na duba, baƙin yashi ne, da ɗan abu a ciki yana ƙyalli.

Na je na sami Hamman na ce ya fasa kwamin. Ya ce, "Inna, saura kaɗan. In na cika garke zan daina." Na zo wajenka, ka ce yaranka su raka ni waje.

Ta rasu da hantsi, bakinta a bushe kamar ƙasar fako, moɗa a hannunta.

Maza suka taru. Liman ya ce wa wani ya yanko kara a auna a kai wa masu haƙa. Hamman na zaune a kan tabarma, ido a ƙasa, sai bakinsa ya ce, "Ba sai an auna ba. Na riga na auna." Zuwairatu na bayan zana, ta ji.

Ba ta yi kuka ba. Bayan sadakar bakwai ta buɗe adudunta tana neman majanyin da ta goya tagwayen da shi, saƙi ne baƙi mai jan baki, ni na ba ta da ta haihu. Babu. Ta bi sawunku har rafi, don ko makoki bai hana ku fita ba. Ta tarar da ku kuna aiki, majanyinta a shimfiɗe a ƙarƙashin haƙarƙari, ruwan laka na bi ta kansa. Ta kai hannu za ta zare. Kai ka riƙe ta, Badaru. Kai ka murɗe mata hannu ka ture ta a ruwa, mijinta na tsaye da shebur kamar gunki. Matan Tibi da ke wanki a ƙasa sun gani, suna nan da ransu.

Daga ranar 'yata ba ta ƙara magana da kowa ba. Ta zauna a tsakar gidan kwanon nan da ƙwarya, tana ɗiban ƙasa tana zuba ruwa tana juyawa, tana leƙawa, tana cewa Hassana na ciki, saura kaɗan ta fito. Fatar hannunta ta saɓule. Da ruwa ya cika rafi ta sulale ta tafi da ƙwaryarta. Masu su suka tsamo ta can ƙasa da Ashige, warwaron duka na hannunta.

Hamman kuwa a jana'izarta ya tashi ya zari kara daga zana ya fara gwada mutane. Ya gwada liman, ya gwada mai unguwa, ya bi yara a guje yana cewa su tsaya awo ne kawai, kara ba ya cizo. Aka kama shi aka ɗaure. Shanun suka bi juna suna mutuwa, cikinsu a kumbure, mahauci ya farka ɗaya ya tarar da yashi. Gobara ta ci gidan da rana tsaka, kwanon ya naɗe kamar ganye. Garmahon nan na gan shi a toka, bakinsa a buɗe. Danginsa suka ce ba su san shi ba. Ni da ya kashe wa 'ya ni nake ba shi fura, don uban Usaina ne.

A cikin hayaniyar gobarar, Badaru, ka shiga ɗakin bayan gidan ka fito da buhu a kafaɗa. An gan ka.

Na ɗauki Usaina na koma ruga, na ce Allah ya bar mini wannan. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Mnena, maƙwabciyata Batibiya da muke musayar doya da nono, ita ta fara faɗa. Ta dube ta ta ce, "Daso, wannan yarinya bai girma ba fa. Yarana da aka haifa bayan shi ya wuce shi. Duba bakinsa." Na duba. Giɓin nan na famfara yana nan yadda yake ranar da aka auna 'yar'uwarta. Haƙori bai fito ba. Rigar da Hamman ya saya mata lokacin arziki har yau daidai take da ita. Sa'o'inta sun fara ɗaura zane a ƙirji, ita tana nan tsawon kwami.

Sai bana ta ce, "Kaka, ba ni ruwa." Na ba ta. Ta ce, "Ƙara."

Na ɗaura ɗamara, Mnena ta raka ni har bakin kurmin hanyar Obi, ta ce daga nan ita ba ta shiga, za ta tsaya ta yi addu'arsu. Na shiga. Tsohon yana nan a kan turminsa, da ƙoƙonsa.

Na ce, "Kai ne tsinannen?"

Ya ce, "Masu zuwa da gaisuwa ma ba su samun kujera, balle ke."

"Ba zama na zo ba. Kun ci ɗaya, me ya haɗa ku da ɗayar?"

"Kwami bai san Hassana ba, bai san Usaina ba. Tsawo ya sani. Laifina ne da 'yarki ta haifi biyu kai ɗaya, ta goya su da majanyi ɗaya? Muddin ana zuba masa ruwa zai ci mai tsawonsa, ba kuwa zai bar ta ta wuce shi ba."

Na ce a ƙone shi. Ya ce in an ƙone, ta ƙone. Na ce to me za a yi. Ya ce, "Ke ba Musulma ba ce? Ina karan awo yake zuwa? An auna gawa, an binne gawa, an bar kara a waje yana yawo. A kwance shi a kai shi kabarin mai shi, a rufe. Majanyin a ba mai rai ta yafa. Shi ke nan, kwami ya koma katako."

Na juya zan tafi, ya ce, "In kafinta ya hana ki, akwai hanya mai sauƙi. Yana da ɗan auta, ai. Ki yanko kara."

Na tofa masa yawu a ƙoƙo. Ka ji da kyau, Badaru. Ɗanka Bello yana zuwa wajena shan nono, ina ƙara masa ludayi. Da na so da na auna shi yana lasar ƙwarya. Ban yi ba, ba kuwa zan yi ba, don ni ba kai ba ce.

Na zo shagonka ranar kasuwa, da Usaina a hannuna, a gaban mutane.

Ka ce, "A'a, Inna Daso! Ku ba ta kujera. Ya mai jiki?"

Na ce, "Ba ni karan."

"Wane kara kuma? Nan katako muke sayarwa."

"Wanda ka ɗaure a bayan kwami ka rufe. Zinariyar ka riƙe, kwamin ma ka riƙe, ka shimfiɗa buhu ka wanke yashinka kamar kowa. Kara da majanyi kawai nake so."

Ka rage murya ka ce, "Inna, da buhu mun gwada ai."

Sannan ka ɗaga murya don mutane, ka ce, "Ni kafinta ne. An kawo awo, na yanka. In an kawo mini awon ƙofa, sai in tambayi wa zai shiga? Kwamin ya ƙone a gobara. Tsufa ne da baƙin ciki, jama'a, ku yi mata uzuri." Ka ciro sule ka miƙa wa Usaina ka ce ta sayi alewa. Yarinyar ta dube ka ta ce, "Baba kafinta, ba ka da ruwa?" Sulen ya faɗi daga hannunka. Kowa ya gani.

Ya ƙone, ko? To me ya sa duk ranar da ka ce ka tafi Obi sayen katako, ranar jikata ke miƙewa sambal a tabarma tana cewa ana zuba mata yashi? Me ya sa kake dawowa ba katako, ƙafar wandonka jiƙe da jar laka? Na kai ƙara, aka ce in kawo shaida. Na ce ga shaida a tsaye, a buɗe bakinta a ga giɓi. Aka ce shari'a ba ta kama tsafi. To shari'a ba ta kama mutumin da ya murɗe hannun mace ya ture ta a ruwa? Ba ta kama mai wankin zinariya ba lasin?

Ku kuma samarin da kuke zagaye shagonsa kuna raɗa, kuna so ya yi muku ƙaramin kwami na ratayawa, na gan ku. Ku zo ruga ku ga Hamman tukuna. Ku ga mai keke da garmaho yana cin ƙasa, igiya ta cinye masa idon sawu. Duk wanda ya ce muku ba jini, awo ne kawai, ku tambaye shi tsawon wa. Kwaɗayi ne ya kai Hamman bakin kurmi, ya ga hasken hanya da idonsa, ya juya ya koma. Ba wanda ya ja shi. Abin da ya wanke a rafi bai kai nauyin yarinya ɗaya ba, ya kuwa ba da uku.

Shekaranjiya Usaina ta yi tari a tafin hannuna. Na ƙulle abin da ya fito a bakin zanena, yana nan, duk mai so ya zo in kwance masa.

Ranar Juma'a zan zo ƙofar masallaci da ita, in shimfiɗa tabarma daidai inda kake ajiye takalmi. Liman da ya ji abin da Hamman ya faɗa a kan gawa, ya fito ya faɗi abin da ya ji. Matan da suka ga an ture 'yata su zo, Mnena za ta kawo su. Mai unguwa ya sa a buɗe ɗakin bayan shagon nan a gaban jama'a, a kifa abin da ke cikin buhu, a ɓamɓare siririn katakon. In ba kara a ciki, a ɗaure ni kusa da Hamman.

Kabarin Hassana na nan, na share shi, na kai fartanya na ajiye. Kara ɗaya ne, Badaru, ko akuya ba ta ƙoshi da shi. Ka fito da shi. Ka tsaya a gaban mutanen Lafia ka dubi bakin yarinyar nan, ka gaya musu tsawon wa ka yanka, da kuma su wa ka aika kurmi kafin Hamman. Ba zan tashi daga kan takalminka ba sai ka amsa.